Yadda Ake Samun Girma a Unguwa da Karen Tsere Mai Ritaya

Kai da ka yi ritaya daga masana'antar ƙarfe, yara suka watse, kuma in ka yi magana a shagon kofi sai an gama dariyar zancen wani kafin a juyo gare ka, matso kusa. Ina da hanyar da za ta dawo maka da girmanka a unguwa, har a riƙa tsayar da mota a tsakiyar titi don a gaishe ka. Ba ta taɓa kuskurewa ba. Abin da kake buƙata shi ne karen tsere da ya gama aiki, da igiya mai ƙwari, da zuciyar da ba ta yawan tambaya.

Kada ya dame ka cewa ni ban taɓa riƙe kare ba. Shekara da shekaru ina zaune a bayan gilashin filin tseren garinmu, nan bakin kogin Ohio, ina kallonsu suna wucewa, kuma kujerar da ke gefena ta Merle Yocum ce. Duk abin da zan gaya maka a kan Merle aka gwada shi, a gaban idona. Inda ya yi daidai ka bi shi. Inda ya ɓata zan nuna maka, ka kauce.

Mataki na 1: Bari matarka ta ɗauka ra'ayinta ne

Namiji mai wayo ba ya cewa yana son kare. Ka jira matarka ta fara, kai kuma ka yi ta gunaguni. In abin ya yi kyau, da izininka aka yi. In ya ɓaci, dama ka faɗa.

Haka Merle ya yi. Tun da autarsu ta koma Texas da mijinta, matarsa Darlene ta shiga wani irin shiru da ya fi faɗa ciwo. Ta daina zuwa waƙar coci, ta daina buɗe labule, abinci ma sai dai a ɗumama na jiya. Wata Asabar ta dawo daga cefane fuskarta a sake.

"Merle, na ga wasu karnuka a ƙofar kanti. Irin na filinku. Wai gida ake nema musu."

"Mu da muke neman mai riƙe mu, mu ne za mu riƙe kare?"

"Ɗaya ya ɗora kansa a hannuna, ya ƙi ɗagawa."

"Yunwa ce. Dukkansu haka suke."

A baki ke nan. A zuci kuwa tuni ya hango fuskar Gus, yayan Darlene, mai karnukan farauta da kawunan barewa jere a bangon falo, wanda tun ranar ɗaurin aure yake kallon Merle kamar kayan gwanjo. Kare mai tsere da mota, kuma a hannun Merle! Washegari shi ya riga ta neman makullin mota.

Mataki na 2: Zaɓi karenka, ka kama bakinka

Za a tura ka wurin masu neman wa karnukan gida. A garinmu Loretta Petrucci ce, tsohuwar nas, 'yar ƙarama da ita amma in ta yi magana har karnukan sai sun nutsu. Za ka tarar da su tsaye a keji, dogaye, sirara, shiru. Ka duba tsayi da faɗin ƙirji, sauran ka kawar da kai. In ka ga tabo a haƙarƙari, ka ce ado ne. In ka ga cinya ta sulɓe babu gashi, ka yaba da tsabta. In ka leƙa kunne ka ga lambar da aka zana masa da allura tun yana jinjiri, ka ce madalla, ba zai ɓata ba. Kuma ko da wasa kada ka tambayi ina 'yan'uwansa da aka haife su tare, waɗanda gudunsu bai kai ba. Wannan tambayar tana hana mutum cin abinci.

Wanda ya ɗora kai a hannun Darlene mai ratsin ja da baƙi ne, shekararsa huɗu, wato a wannan sana'ar ya tsufa. Merle ya karanta sunan da ke jikin kejin, Tsawar Asabar. Ya san shi. Yana wurin ranar da karen ya kife a kwanar farko. Ya yaga tikitin cacar da ya saka a kansa, ya zage shi har kakanninsa, sannan ya shiga layin sayen tikitin tsere na gaba. Bai ga amfanin faɗar wannan a gaban mata ba, ni ma ban gani ba.

"Mista Yocum, kalle ni nan," in ji Loretta. "Ƙafar bayan nan ta dama, ƙarfe ke riƙe da ita. Ya yi yawo, ya yi 'yar tsallensa a tsakar gida, ba laifi. Amma gudun tsere ya ƙare. In ta sake karyewa yanke ta za a yi. Kuma duk ranar da na ji an kwance masa igiya a waje, da kaina zan zo in ɗauke shi."

"Haba Madam, ni za a koya wa karen tsere? Tun kafin ki shiga makarantar nas nake kallonsu."

"Kallonsu dai," ta ce, ta miƙa wa Darlene igiyar.

A irin wannan lokaci ka gyaɗa kai kawai. Gyaɗa kai ba rantsuwa ba ne. A mota Darlene ta raɗa wa karen suna Biskit, Merle ya haɗiye takaici ya ci gaba da tuƙi.

Mataki na 3: Rufe sirrin abin da ka kawo gida

Yanzu ka ja labule, domin abin da za ka gani ba na idon maƙwabta ba ne. Karen da ya tashi a keji bai san gida ba. Biskit ya tsaya a gindin matakala yana rawar jiki, sai da Merle ya durƙusa yana ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya buga hanci a ƙofar gilashi, ya ja baya ya sake bugawa. Ya ga fanka a sama ya shige ƙarƙashin tebur. Mai kawo wasiƙa ya zo, ko haushi bai yi ba, sai ma ya bi shi har bakin shinge yana neman a shafa shi.

Da ya gano doguwar kujerar falo kuwa, magana ta ƙare. Wuni yake yi a kai, bayansa a ƙasa, ƙafafu huɗu a sama, harshe a waje, kamar mataccen kyankyaso. Da sanyi ya shigo Darlene ta saƙa masa riga mai ruwan ɗorawa, don ba shi da kitsen da zai tare masa iska. Tana saƙar tana waƙa. Ta buɗe labulen da na ce a ja, ta koma coci, ta fara toya abin da ta daɗe ba ta toya ba.

A nan akwai haɗarin da dole in gargaɗe ka. A gidan karnukan tsere tun duku-duku ake fitar da su, don haka Biskit ba ya wuce asuba. Merle ma jikinsa bai manta lokacin shiga aiki ba. Sai ya zama kullum su biyu ne a tsakar gida kafin gari ya waye, ɗaya da kofi a hannu, ɗaya yana shinshina ciyawa, tsofaffin ma'aikata da babu mai neman su. Merle ya fara yi masa hira. Ya ba shi labarin masana'anta, da na ranar da aka rufe ta. Ya so karen nan, so na gaske, ko da yake da za ka ɗora masa wuƙa a wuya ba zai amsa ba. Kai kada ka bari ta kai ka nan. Ka riƙa tuna wa kanka dalilin da ya sa ka kawo shi.

Mataki na 4: Cika baki

Girma ba ya zuwa da kansa, sai an yi masa talla. Ka tafi shagon kofi da safe, ka ɗaure karen inda za a gan shi ta taga, ka zauna ka fara. Ka ce ya ci tsere ba adadi. Ka ce daga Florida aka zo sayensa aka hana. Ka ce in ya tashi, motar 'yan sanda sai dai ta ga ƙura. Maganar ƙafa kuwa, ba kowane zance ake kawowa wurin cin abinci ba.

Merle ya iya wannan matakin, har an fara matsa masa kujera. Matsalar ita ce Gus.

"Suruki, wancan kare ne ko keke aka jingine?"

"Yi dariyarka. Karnukanka duka a haɗa, kafin su ɗaga ƙafa ya je bakin kogin Ohio ya dawo."

"A cikin rigar matan nan? Ni fa tun da kuka kawo shi ban taɓa ganinsa a tsaye ba sai in an ɗaure shi. Jiya na je gidan, na ɗauka ya mutu, har na cire hula."

Shagon ya kwashe da dariya, har mai zuba kofi sai da ta ajiye buta.

"Ka bari dai," in ji Merle, kunnuwansa sun yi ja.

"Ina bari, suruki. Tun ranar da ka auri ƙanwata nake bari."

Haka suka yi ta yi har sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Duk safiya Gus sai ya tambayi lafiyar marigayi.

Mataki na 5: Zaɓi ranar taro

Kada ka ɓarnatar da bajinta a gaban mutum uku. Ka jira walimar coci ta tsakiyar zafi, ranar da unguwa kaf take filin bayan coci, ana gasa soseji, ana zuba kwaɗon dankali a faranti. Filin yana da shingen waya, saboda haka in zuciyarka ta tuna maka da Loretta sai ka ce mata ai nan ba waje ba ne. Abu ɗaya za ka kiyaye: ka jira matarka ta shiga kicin ɗin coci ɗauko kek.

Darlene na shigewa Merle ya ja Biskit zuwa bakin fili. Ya ɗaga murya ya ce duk mai ido ya zo ya gani. Mutane suka taso da farantansu. Ya sunkuya ya kwance igiyar.

"Je ka, Tsawa! Je ka!"

Biskit ya dubi filin, ya dubi jama'a, ya yi hamma. Sannan ya matso ya jingina da ƙafar Merle da dukkan nauyinsa, ya lumshe ido.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Gus har da riƙe ciki, yana cewa a kawo wa zakara matashin kai. A nan Merle ya ji wani abu ya sake masa a ƙirji, don can ƙasan ransa ya yi murna da karen bai tashi ba. Da ya mayar da igiyar a lokacin, da sai dai a yi mako ana tsokanarsa. Mutum mai rauni haka zai yi. Kai ka daure, ka wuce gaba.

Mataki na 6: Fito da usur

Wanda ya daɗe a fili ya san abin da mai kallon talabijin bai sani ba: karen tsere ba ya gudu don an ce masa ya gudu. Masu horar da su suna da wani ɗan usur na roba, in an busa shi sai ya yi kukan zomon da aka kama. Da shi ake koya musu tun suna ƙanana, kuma ba sa mantawa. Merle yana da ɗaya a aljihu. Kada ka tambaye ni inda ya samo shi.

"Gus, ungo. Je can ƙarshen fili ka busa, in ka isa."

Gus ya tafi yana rangaji, ya tsaya kusa da shinge, ya busa.

Karen da ke jingine da ƙafar Merle ya ɓace, wani ya tsaya a wurinsa. Kunnuwa suka miƙe, jiki ya ɗaure, idon ya daina ganin kowa. Kafin Merle ya ce wani abu har ya yi nisa. Sai ka ga yadda jikin nan yake naɗewa yana warwarewa, ƙafafu huɗu duk a iska, babu ƙara sai bugun ƙasa. Mata suka tsaya da cokali a baki. Usur ɗin ya suɓuce daga hannun Gus. Ni da na yi rayuwata ina kallonsu daga nesa, sai da tsigar jikina ta tashi. Merle kuwa ƙirjinsa ya cika, ya juyo yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ka more wannan ɗan lokacin sosai, don shi ka saya.

Biskit ya wuce Gus, bai ga zomo ba, ga shinge a gaba. Sai ya yi abin da aka koya masa duk rayuwarsa, ya karya kwana hagu ba tare da ya rage gudu ba. A filin tsere yashi ne mai laushi, ana share shi, an kuma karkata kwanar don ta tallafi kare. Nan ƙasa ce da rana ta gasa ta yi tauri. Nauyinsa duka ya sauka a kan ƙafar dama ta baya. Muka ji ƙas, ya wuntsila, ya bugi waya.

Sai kukan. Merle ya ga karnuka sun faɗi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, amma a can akwai gilashi, akwai lasifika, akwai kiɗan da ake sakawa kafin tsere na gaba. Bai taɓa jin muryarsu ba sai ranar. Ya ruga, tsoho mai ciwon gwiwa, ya faɗi ya tashi, ya isa ya tarar karen yana jan jiki zuwa wurinsa. Ya ɗauke shi cak yana cewa, "Yi haƙuri, Biskit, yi haƙuri," kuma ranar ce farkon da ya kira shi da wannan sunan a gaban mutane. Gus ya tuɓe rigarsa ya naɗe ƙafar, ya kawo motarsa. Darlene tana tsaye a ƙofar kicin da kek a hannu.

Mataki na 7: Bar mata su yanke hukunci

Likitan dabbobi ya yi abin da aka faɗa tun farko, ya yanke ƙafar. A kwanakin da suka biyo baya kada ka yi bayani, kada ka ce tsautsayi ne, kada ka ce laifin Gus ne. Ka nemi kusurwa ka lafe.

Loretta ta zo kamar yadda ta yi alkawari, da igiyarta a hannu. Ta tarar da Biskit kwance a kan bargo a falo, Merle kwance a ƙasa kusa da shi, don tun da aka sallamo karen nan yake kwana.

"Darlene, a gabanki na faɗa masa."

"Kin faɗa."

"To, na zo."

"Ba inda za shi," in ji Darlene, ba ta ko ɗaga murya ba. "In kin ɗauke shi, ni kika hukunta, da shi Biskit. Wancan kuwa kin sauƙaƙa masa, don ba zai ƙara ganin abin da ya yi ba. Ki bar shi nan. Da safe ya sauko da shi daga bene, da yamma ya hau da shi, har ranar da ɗayansu zai mutu."

Loretta ta daɗe tana kallon Merle, shi kuma ya kasa ɗago kai. Daga baya ta naɗe igiyarta, ta ce za ta riƙa faɗowa ba sallama, kuma tana yi. Darlene ta kwashe kayanta ta koma ɗakin autarsu. Tana dafa masa abinci, tana amsa gaisuwarsa, amma har yau ba ta ce masa ga ranar dawowa ba.

Mataki na 8: Karɓi girmanka, ka yi shiru

Ga inda wahalarka za ta biya. Ka fita yawo da kare mai ƙafa uku, yana ɗingishi a gefenka, ka ga ikon Allah. Motoci za su tsaya. Baƙi za su tsallako titi. A kanti za a ba ka wuri a layi. Babu wanda ya kai mai riƙon gurgun kare daraja a ƙasar nan, ko fasto bai kai shi ba. Za a tambaye ka wa ya yi masa haka. Abin da za ka yi kawai shi ne ka ja dogon numfashi, ka dubi sama, ka girgiza kai. Su da kansu za su ƙarasa maka labarin, kuma a labarin nasu kai ne gwarzo.

A nan Merle ya zubar da duk abin da ya tara. Ina tare da shi ranar da wata mata ta tsayar da mota, ta sauke gilashi, idonta ya ciko.

"Allah ya saka maka, bawan Allah. Irinku sun yi ƙaranci. Wane marar imani ne ya yi masa haka? 'Yan filin tseren nan ne ko?"

Na taka masa ƙafa. Bai ko dube ni ba.

"A'a, Madam. Su sun karya, an gyara. Ni na ƙarasa ta, don a yi mini tafi."

Matar ta ɗaga gilashinta a hankali ta ja mota. Haka yake yi wa kowa, yaro da babba, har baƙon da bai tambaya ba. Na ce masa, "Merle, girma ya zo har ƙofarka kana kora?" Ya ce shi bai ga girma ba, kare ya gani, kuma lokacin abincinsa ya yi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likitan dabbobi ba ne, ba kuma mai sasanta aure ba. Duk ƙafar da ta karye, duk ɗakin da aka raba, duk walimar da ta watse, tsakanin mai kare ne da karensa, babu hannuna a ciki. Haka kuma in ka bi matakan nan kaf, ka shigo gida da yamma, karen ya yunƙura a kan ƙafa uku ya taho da ɗingishi yana kaɗa wutsiya don murnar ganinka, ka duba idonsa ka rasa ko ɗigon fushi, kada ka zo wurina. Merle ya zo, ya zauna a kicin ɗina yana kuka, yana cewa da ma cizonsa ya yi. Na zuba masa kofi.